Kakanni a Jirgin D

Jirgin ƙasa na layin D ya cika maƙil, ƙafafun Shamima sai zugi suke, amma wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa ta ba wani ɗan ƙaramin gidan katako kujera sukutum! Ta rataya masa furanni, kowace tasha tana sunkuyawa tana raɗa masa sunan tashar.

"Haba Mama! Mutum na tsaye, katako na zaune?" in ji Shamima.

"Ruhohin kakannina ne a ciki, daga ƙauyenmu na Thailand," in ji tsohuwar. "Mun sake gida. In ban faɗa musu hanya ba, za su ɓata. Wa zai tsare jikokina?"

Shamima ta ja tsaki, ta yi a'uzubillahi. Can tsohuwar ta fara gyangyaɗi, jirgi ya tsaya. Shamima ta zungure ta.

"Tashar Fordham ce. Faɗa musu!"