Muryar da Rikodata ta Ɗauko a Sheshe

Shekarun baya, tun ana hawa acaɓa a Kano, ina sabon ɗan rahoto a gidan rediyon gwamnati. A lokacin ji nake duk jihar ni take jira in buɗe baki, alhali aikina bai wuce farashin tumatir da toshewar magudanan ruwa ba.

Wata safiya a tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa, editanmu ya leƙo ya ce wani gidan ƙasa ya rufta a unguwar Sheshe, in je in haɗo rahoto kafin labaran yamma. Na tafi da sabon takalmina, ina tsallake taɓo a lungu kamar mai rawa, har wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, in takalmin kake tausayi, ai sai ka ɗora shi a ka."

Sashen baya ne ya faɗi, soro da ɗaki ɗaya. Maigidan, wani dattijo ɗan asalin Barno da aka haifa a unguwar, yana tsaye da carbi a hannu, mata sun koma makwabta. Na tambaye shi ko an yi asarar rai.

"Alhamdulillahi, babu," in ji shi. "Ɗakin ƙanena ne, shi kuwa yana Maiduguri, ya kai Alƙur'anin da ya rubuta. Allah ne ya tsare."

Na tsaya dab da tulin ƙasar na ɗauki muryarsa, na ɗauki ta mai unguwa. Ban ji komai ba sai ɗigar ruwa daga indararo. Na koma ofis ina ganin na gama.

Wanda ke tace mana sauti abokina ne, Babarbare, mai barkwancin tsiya. Ya sa abin ji a kunne yana tsokanata kan taɓon da ke wandona. Can sai na ga ya daina dariya. Ya mayar da sautin baya, ya sake mayarwa.

"Wace mata ce ke kusa da kai?"

Na ce babu mace ko ɗaya a wurin.

Ya miƙo mini abin jin. Ƙarƙashin maganar maigidan akwai wata murya, ta tsohuwa, can ƙasa ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Ba kuka take ba, ba ihu ba. Magana ɗaya take maimaitawa a natse, kamar mai aiken yaro. Ban gane ko kalma ba, amma tsigar jikina ta tashi.

"Barbarci ne," in ji abokina. "Cewa take, ɗana yana ciki, ku ɗaga masa."

Muka nufi wurin edita. Ya saurara, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce wataƙila rediyon makwabta ne, kuma in na tayar da unguwa a banza, sunan gidan rediyonmu zan ɓata. Can sai ya ce, "Ku tafi. Gara a yi mana dariya."

Ban san yadda mai acaɓan nan ya ratsa Ƙofar Wambai da mu biyu ba. Da muka isa, na rasa ta inda zan fara. Na ce wa maigidan, "Baba, ka tabbata ƙanenka bai dawo ba?" Ya ce da ya dawo ai da ya gaishe shi. Sai wani mai shayi a bakin layi ya ce shi kam ya ga wani kamar Malam, ƙanen maigidan, da jaka ya shiga ta ƙofar baya, ana tsaka da ruwa, amma ya ɗauka idonsa ne.

Nan take matasa suka kawo shebur da diga, wasu da hannu suke yaye ƙasa. Ni ma na shiga, takalmin ya tafi inda ya tafi. Dab da la'asar aka ga ƙafa. Azara biyu ne suka gicciye a kansa suka bar masa ɗan wurin numfashi. A sume yake, bakinsa cike da ƙasa. A asibiti aka ce tun faɗuwar ginin bai farfaɗo ba, balle ya yi magana.

Bayan ya samu sauƙi na je gaishe shi. Ya ce ya iso ne cikin ruwa, bai so ya tashi kowa, ya kwanta da niyyar gaisawa da safe. Ya ji labarin muryar, ya roƙi in sa masa. Ya riƙe abin jin da hannu biyu. Yana ji ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa.

"Inna ce," ya ce. "A ɗakin nan ta rasu, tun kafin in yi aure."

Yayansa ya karɓa ya saurara. Sai ya miƙe ya fita yana salati.

Sun roƙi kada a sa muryar a iska, edita ya amince. Abin da jihar ta ji kawai shi ne an ceto mutum ɗaya da rai a Sheshe.

Har yau ban san me rikodata ta ɗauko ba. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, kowa kuma ya ƙare da Allah ne masani. Ni dai abin da ya canza a wurina ƙarami ne. Na je wuraren ambaliya da gobara da rushewar gini ba adadi tun daga lokacin, kuma duk inda aka ce mini babu kowa a ciki, nakan roƙi jama'a su yi shiru na ɗan lokaci. Sukan dube ni kamar wanda ya taɓu. Ni kuwa ina tsaye, ina sauraro.