Ranar da Na Ce Kawu Ya Buɗe

A Paris na koyi wasan kartar da ake kira poka, a bayan shagon wani ɗan Maradi. Da tsinken ashana muke yi, don kada a ce muna caca. Abu guda na riƙe: in kati na ƙarshe ya sauka, mutum ya zuba da yawa, kada ka kalli fuskarsa. Ka tuna yadda ya taka tun farko. In labarinsa bai haɗu ba, ka bi shi, a buɗe. Wannan ɗan ilimi ya kumbura mini kai ba kaɗan ba.

Sai aiki ya kai ni Lyon, na sauka wajen kawuna a Vaulx-en-Velin. Tun da ya bar kasuwa, abin da ya rage masa shi ne zaman Lahadi bayan la'asar: abokansa uku, shayi, karta, da dabino da suke zubawa a tsakiyar tebur. Duk sa'ad da Kawu ya tura dabino a katin ƙarshe, sai kowa ya kife kartarsa, a ce, "Alhaji, ka ci." Ba mai cewa ya buɗe. Abin ya riƙa ba ni haushi. Na ce a raina tsofaffin nan ba su iya komai ba sai kurɓar shayi.

Wata Lahadi ina riƙe da sarakuna biyu, Kawu ya tura dabinonsa gaba ɗaya. Wani abokinsa ɗan Tahoua ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata.

Na ce, "Na bi, Kawu. Buɗe mu gani."

Ya buɗe yana murmushi. "Masu zuciya biyar, ɗana."

Da biyar ɗin ne, da ya cinye ni. Amma huɗu ne. Na biyar ja ne, amma ba zuciya ba. Da bakina na faɗa masa. Ya ɗauki katin ya kawo shi daf da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

Da aka tashi, a bakin lif ɗin sauka daga bene, ɗan Tahoua ya ce mini a hankali, "Idonsa ya daɗe da tafiya. Duk mun sani. Shi ne ba ya so a sani."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har yau kuma tana ci na. Kawu bai sake kiran zaman ba, kullum sai ya ce ya gaji. Da na kai masa dabino ina ba shi haƙuri, ya laluba ledar, ya turo mini ita.

Ya ce, "Naka ne. Ai kai ka ci."