Barcin da Aka Ɗauka Wuridi Ne

A da, a masallacin layinmu da ke unguwar Nima, wurina a sahun gaba yake, daidai bayan liman. Yanzu a ƙarshen sahu nake tsayawa, kusa da ƙofar da ke fita wajen famfon alwala. Tsakanin wuraren biyu bai fi taku goma ba.

Tun ina saurayi barci ke ɗauka ta da rana tsaka. Ba gyangyaɗin wanda ya ƙoshi da tuwo ba ne. Zuwa yake yi ba sallama, ina cikin magana ko ina cin abinci, ya riƙe ni ɗan lokaci, ya sake ni. Na yi fataucin goro shekaru da yawa, kuma kowane gari da sunan da ya ba abin. A Kumasi matar da nake sarin goro a wurinta ta ce hannun mutane ne, in je a duba ni. A Yamai aka ce ƙudan tsando ne ya cije ni, aka ɗebi jinina, ba a ga komai ba. A Abijan likita ya ce gajiya ce, ya ba ni maganin ƙarin jini. Mutanen Kano ba su wahalar da kansu ba, suka ce lalaci ne.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. In dariya ta ci ƙarfina, gwiwoyina sukan saki, haɓata ta yi ƙasa, alhali ina jin duk abin da ake faɗi. Na taɓa zubewa a wata tasha a Legas saboda labarin da wani direba ya bayar. Daga nan na koyi ɗaure fuska.

Da na ajiye tafiye-tafiye na zauna a Nima, abin da mutane suka gani shi ne dattijo wanda ba ya dariya, mai zama bayan salla da carbi a hannu, kai a sunkuye, ido a rufe. A unguwar da kowa ke magana da ƙarfi cikin harshe uku, wannan ya isa a ba mutum daraja. Nakan farka in ji ana cewa, "Ku rage murya, Alhaji ya shiga wuridi." Ban taɓa gyara musu ba. Da yake barci mai nauyi yana karya alwala, nakan tashi in koma famfo in sake. Wannan ma aka lissafa mini shi cikin ibada.

Shekarar da limaminmu ya tafi aikin hajji, dattawan masallaci suka ce ni zan riƙa jan salla har ya dawo. Na ce muryata ba ta da kyau. Suka ce tawali'u ne. Na karɓa, kuma na san sallar mutane nake ɗauka a wuyana.

Sallolin da ake karatu a bayyane ba su dame ni ba, muryata na riƙe ni. Azahar da La'asar ne abin tsoro. Kafin kowacce nakan ci goro, in sha shayi mai ɗaci. Kwana huɗu lafiya. Rana ta biyar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, masallaci ya yi ɗumi. A raka'a ta uku ta Azahar na kai goshina ƙasa. Abin da na ji bayan haka shi ne "Subhanallah" daga ko'ina, yadda ake tunatar da limamin da ya yi mantuwa. Daga yadda muryoyin suka gaji na san ba karon farko ba ne.

Da na ɗago na ci gaba, da an ce Alhaji ya tsawaita sujada ne. Amma alwalata ta tafi. Na jawo ladan, wani tela daga Kotobabi, na tura shi gaba ya ƙarasa da mutane, ni kuwa na fita riƙe da hancina. Haka malamai suka koyar: limamin da alwalarsa ta karye ya kama hanci kamar mai haɓo, don a rufa masa asiri.

Ina tsaye a bakin famfo aka sallame. Wanda ya fara iso ni wani tsohon mahauci ne ɗan Sabon Zongo, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Alhaji, haɓo ne? Sauke hannun mu gani."

Na sauke. Babu jini.

"Barci na yi," na ce.

"A sujada?"

"A sujada. Wuridin nan ma da kuke gani, fiye da rabinsa barci ne."

Mutane suka taru suka kewaye mu. Mahaucin ya dube ni sama da ƙasa.

"Ei, Alhaji! Shekara nawa muna tafiya da sanɗa saboda kai? Ni fa har matata na hana dakan fufu bayan La'asar, wai kada ta katse wa waliyyi zikiri. Ashe waliyyin minshari yake shirin yi!"

Dariya ta kufce mini kafin in riƙe ta. Gwiwoyina suka saki, na zauna daɓas cikin ruwan alwala. Dariyar kowa ta tsaya. Aka aika a kira 'yata, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Mamobi.

Ita ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Tambayarsa ta farko ba a kan barci ba ce. Ya ce, "Baba, in ka yi dariya me ke faruwa da ƙafafunka?" A duk garuruwan da na bi, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Bayan gwaje-gwaje ya ce cuta ce sananniya, ƙwaƙwalwa ce ba ta iya raba barci da farke yadda ya kamata. Ba ta warkewa, amma ana rage ta. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in riƙa kwanciya kaɗan kafin Azahar.

Ladan ne ya riƙe salla har liman ya dawo. Wasu sun rage gaisuwar da suke yi mini, wasu sun ƙara. Ban sake jan salla ba, kuma ba zan sake ba. In na rufe ido a masallaci yanzu, na kusa da ni yakan taɓa kafaɗata, in tashi in sake alwala. Ba wanda ke rage murya saboda ni.