Batirin Kwamfutar Lea

Duk mai zirga-zirga tsakanin Keffi da Abuja ya san Baba Dogara. Wanda bai san sunansa ba ya san muryarsa. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, a unguwar Yara a Keffi nake zaune, kuma na daɗe ina shiga tsohuwar motarsa ƙirar Sharon, kujerar bayan direba. Mutumin Eggon ne, gajere, mai furfura a gemu, gidansa yana Sabon Gari bayan layin makanikai. Wajen tuƙi ba shi da abin kushe: ba gudu, ba zagi. Bakinsa ne kawai ba shi da birki.

Babu abin da ba shi da ra'ayi a kai. Tsadar mai, zaɓe, yaƙin ƙasashen da bai san inda suke ba, duk yana da hukunci a aljihu. Sai da na daɗe kafin na gano cewa ra'ayin ba nasa ba ne, lodinsa yake yi kamar buhun doya. Abin da fasinjan safe ya faɗa kafin mu kai Masaka, shi zai sauke wa fasinjan yamma a cunkoson Mararraba, har da dukan sitiyari da “Ni na gani da idona!” Na sha jin ya zagi wata doka ran Litinin, ran Laraba ya yabe ta. In na tsokane shi sai ya ce, “Malama, duniya ce tana juyawa.” Mukan yi dariya, don ba wanda abin ya taɓa cutarwa.

Abu ɗaya ne nasa na kansa, wato autarsa Lea. Ta gama jami'a a nan Keffi, aiki bai samu ba, sai ta duƙufa koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni har a haɗa manhaja. Da yake wuta ba ta zama a unguwarsu, Chinedu mai gyaran rediyo ya ɗaura wa Baba 'yar inbata, na'urar da ke jawo wutar caji daga batirin mota, a ƙarƙashin kujerar gaba. Kullum da safe Lea za ta naɗe kwamfutarta a zani ta miƙa masa, batir ya mutu murus. Ya jona ta, ta sha caji zuwa Abuja da dawowa, da yamma ya mayar mata a cike. Har tsawa yake yi wa fasinjan gaba: “Oga, ɗaga ƙafa, ofishin yarinyana ne a wurin!” Kodin ɗin kuwa ko ƙwayar zarra bai gane ba, amma yana alfahari da cewa Lea na cin batir fiye da yadda Sharon ke shan mai.

Wata safiya wani mai kwat da wayoyi biyu ya hau gaba. Da ya ji labarin kwamfutar sai ya yi dariya. Ya ce ai an wuce wurin, yanzu AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ita ke rubuta kodin kafin ka ƙifta ido, duk mai koyonsa yau kamar mai koyon gyaran tafireta ne. Na ga Baba yana gyaɗa kai a madubi, na san an yi lodi.

Abin da ban zata ba shi ne, wannan kayan ba a mota zai sauke shi ba. Shi da bakinsa ya ba ni sauran labarin daga baya. Da ya koma gida ya tarar da ƙaninsa Manasseh, wanda ya daɗe yana matsa wa Lea ta zo ta zauna masa a rumfar POS. Ana cin tuwo Baba ya juye maganar mai kwat ɗungurungum, har da tafireta, yana dukan tebur. Manasseh ya ce ai dama shi ya faɗa. Lea ba ta kula baffan nata ba, ubanta ta kalla.

“Baba, kai ma haka ka gani?”

“Ni na gani da idona!” in ji shi.

Ba ta yi musu ba. Mako na zagayowa ta fara zama a ƙarƙashin lemar Manasseh kusa da tasha. Ba ta sake naɗe kwamfuta a zani ba.

Bayan ɗan lokaci wata budurwa mai aiki a wani kamfani a Abuja ta hau motar, hira ta biyo ta kan kodin. Ta ce su a wurinsu neman waɗanda suka iya shi suke yi ruwa a jallo, domin abin da AI ta rubuta sai an sami mai ilimin da zai duba ya gyara. Baba ya kusa hawa kan mai acaɓa. Ran nan bai jira mota ta cika ba ya juyo Keffi, ya wuce kai tsaye rumfar POS, ya sauke wa Lea sabon kaya da zafinsa.

Ta bari sai da ya gama, sannan ta ce, “Wannan kuma a ina ya hau, Baba? Masaka ko Nyanya?”

Ba ta jira amsarsa ba.

“Ran nan ba fasinja na tambaya ba,” in ji ta. “Kai na tambaya.” Ta juya ta karɓi katin wata mata.

Tsakanin mai kwat da budurwar, ni ban san mai gaskiya ba, shi ma bai sani ba, kuma ba wannan ne ke cin ransa ba. “Malama,” ya ce da ni, ranar da na zauna gaba muna tsaye cak a Mararraba, “na yi mata ƙarya. Abin da na gani da idona shi ne batir a mace kowace safiya. Yarinya tana aiki, ni na sani, ni nake kai caji. Amma na bar nawa na ɗauki na baƙo, wanda ko sunanta bai tambaya ba.” Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, kuma ya ba ni tausayi. Magana zarar bunu ce, ya kuwa zare ta a gaban mutane.

Yanzu Sharon ta yi shiru. Rediyo na ta faɗin labarai, fasinjoji na ta gardama, in aka ce “Oga direba, me ka gani?” sai ya ce bai sani ba. Wasu sun ɗauka rashin lafiya ce. Ya ba Lea haƙuri, ta ce ba komai, irin “ba komai” ɗin da uba ya fi kowa sanin nauyinsa. Har yanzu tana rumfar Manasseh.

Kwamfutar kuwa bai daina ɗauko ta ba. Shi yake naɗe ta a zanin da kansa, ya kai ta Abuja ya dawo da ita, ya ajiye a kan tebur inda Lea za ta gani in ta shigo. Da safe, kafin ya tayar da mota, sai ya buɗe ta a cinyarsa ya danna, mu kuma muna zaune muna jira, ba mai cewa ya yi sauri. Mutumin da ya shekara yana kokawa da batir don ya cika, yau addu'arsa ya tarar da shi a mace.

Jiya ma ya duba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya rufe a hankali, muka haɗa ido a madubi.

“Cike yake, Malama,” in ji shi.