Rayuwar Ina-Aka-Sa, Mai Tsara Shafin Asibiti

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayiya, wadda abokan aikinta suka fi sani da laƙabin Ina-Aka-Sa, a shekarar 1969, a wani ƙaramin gari da ke bakin titin jirgin ƙasa. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne mai rarraba wasiƙu, mahaifiyarta kuma ungozoma. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya shida, kuma tun tana ƙarama ita ake kira idan almakashi ko murfin tukunya ya ɓata a gidan, hidimar da ba ta nema ba, ba a kuma taɓa gode mata a kanta ba.

Karatu

Ta shiga firamare a 1975, ta kammala sakandare a 1987, sannan ta wuce jami'a inda ta karanci ilimin kula da laburare, ta fito a 1992 da sakamako ba yabo ba fallasa.

Aikin farko, aure da zuriya

A 1993 wani babban asibitin koyarwa ya ɗauke ta aiki a laburarensa, wani ɗaki na ƙarƙashin bene marar taga. A nan ta sami laƙabinta, domin duk wanda ya ce mata ya mayar da littafi, tambayarta ɗaya ce: "Ina aka sa?" A 1995 ta auri wani malamin lissafi, mutum mai haƙuri da barkwanci, kuma Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1996 da 2003. Maigidan yakan ce wa baƙi, "Uwar yaran nan ta shirya wa asibiti guda kayansa, ni kuwa safata ɗaya har yau ba a gani ba."

Shafin asibiti

A 2005 asibitin ya buɗe shafinsa na intanet, kuma bayan shekara biyu aka naɗa ta mai tsara bayanansa, wato wadda za ta tantance abin da zai zauna a gaba, da abin da zai shiga ƙarƙashin wani, da sunan da za a kira kowane bayani da shi. Ta tarar an jera shafin yadda aka jera ofisoshi. Kowane shugaban sashe ya kafa hotonsa da jawabinsa na maraba, ranakun ganin likita kuwa suna can ƙarƙashin tarihin kafuwar asibiti. Saboda haka mutane sukan yi doguwar tafiya da majinyaci su tarar ba ranarsu ba ce, kuma wannan ita ce wahalar da ta ƙuduri aniyar kawarwa.

Hanyar aikinta ita ce ta rubuta sunan kowane bayani a ɗan kati, ta hau zuwa bencin masu jira, ta roƙi masu jinya su haɗa mata waɗanda suke ganin 'yan gida ɗaya ne. A nan ta fahimci cewa uwar da ɗanta ya ƙone ba ta san sunan sashen da ke kula da ƙuna ba, ƙunar kawai ta sani. Ta sake jera shafin bisa abin da ke damun mai nema. Shugabannin sassa suka ɗauki sauke hotunansu a matsayin raini, ta yi ta kai gwauro ta kai mari tsakanin ofisoshi, kuma sau biyu sabon shugaban asibiti yana rushe tsarin don ya bar alamarsa, tana sake ginawa. An ruwaito cewa a wani taro ta ce wa shugaban asibitin, "Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauko mahaifiyarsa a bayan mota ba jawabinka ya zo karantawa ba." Wannan magana ta jinkirta mata ƙarin girma.

Daga 2012 tsarin ya zauna da gindinsa. Masu zuwa a ranar da ba tasu ba suka ragu, wayar ofishin tambaya ta huta. A 2016 wani kwamitin rage ma'aikata ya duba, ya ga babu koke ko ɗaya a kan shafin, ya yanke hukuncin cewa kujerar ba ta da aiki. Aka soke ta, aka sallami mai ita da takardar yabo, aka ba kowane sashe izinin zuba bayanansa da kansa.

Shekarun ƙarshe

Kafin shekara ta zagayo an koma gidan jiya. Ta rubuta wa hukumar asibiti tana gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Tsofaffin majinyata da suka san ta suka riƙa ba juna lambarta, ta koma amsa waya daga falonta, tana gaya wa wannan ya zo Talata, wancan kada ya ci komai kafin gwaji. Ta gaji matuƙa, kuma ba ta ɓoye ba. Takan ce wa maigidanta aikin baban giwa ta yi, amma ba ta taɓa kashe wayar ba.

A ƙarshen 2021 ciwon ƙoda ya kama ta. Shafin ya nuna ranaku biyu mabambanta na ganin likitan ƙoda, ɗaya a sashen likitoci, ɗaya a sanarwa. Ta zaɓi wadda ta fi kama da sabuwa, ta je ta tarar tsohuwa ce, aka ba ta wata ranar a wata mai zuwa. Ba ta yi ƙorafi ba, ta dai nemi ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya gaya wa na sama su goge ɗaya.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a farkon 2022, kafin ranar da aka ba ta ta zo, tana da shekara hamsin da biyu. An yi jana'izarta da la'asar, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan unguwarsu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babba, malamar makaranta, na biyu, makanikin janareta, na uku, ma'aikacin gidan rediyo, sai auta, tela, wadda aka bar wa wayar marigayiya. Har yanzu wayar takan yi ƙara a shagonta, ta tsayar da keke ta ɗauka, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, Mama ta rasu, ni kuma wallahi ban san ranar ba."