Fuskar da Aka Goge wa Kawu

Jiya aka kawo kalandar da za mu raba ranar addu'ar shekarar Kawu. Na duba, na sake dubawa, ban ga kawuna ba. Wani jan saurayi na gani sanye da hularsa. Sun goge tsagar gadonsa, har tabon sallah na goshi.

Mai hoton unguwar Kotobabi da ya yi aikin ya ce, "Hajiya, ba ni ba ne, waje nake turawa su gyara."

Waje! Mutanen da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su da Kawu ba. Wai kuma wannan sunansa mai hoto.

Kawu ma mai hoto ne, amma da hannunsa yake gyara aikinsa a unguwar Maamobi. Bayan sunan 'yata na zauna a shagonsa, warin maganin wanke hoto na shiga hancina, yana bin fuskata a takarda da bakin fensir, ya riƙe numfashi. Na ce, "Kawu, a ɗan haska ni mana."

Ya ce, "Ƙurji nake cirewa. Sauran na uwarki ne."

Na mayar da kalandar duka. Gara a taru ba hoto.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya tashe shi cikin masu farin ciki.