Wutar Zdenko

Shekara ashirin da shida Zdenko Barić yana raba wasiƙu a garin Šibenik na bakin teku, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da shi a hanya don jin ra'ayinsa a kan komai. Bai yi aure ba. Gadonsa na uba kwalekwalen katako ne da wata tsohuwar ragar gasa kifi da ta yi baƙi ƙirin. Sati ɗaya tak a shekara yake zama wani. Da Agusta ta kama, sai ya kwashi abokansa na makaranta ya tsallaka da su wani tsibiri da ba kowa sai duwatsu da wasu bishiyoyi masu ƙaro da ake kira bor, su kafa tanti a bakin ruwa. A can shi ke da wuta. Tun watan Fabrairu yake tara busassun rassan inabi a buhu, don da garwashinsu kaɗai ake gasa kifin kirki. Yana juya kifi, Ljerka na tsaye a gefensa riƙe da kwanon man zaitun. Da ita suka zauna benci ɗaya a aji. Da aka ɗaura aurenta yana wurin, da auren ya mutu ma yana nan, bai taɓa faɗa mata abin da ke ransa ba.

Bana sai ta zo da sabon miji, Tihomir, mai haɗa tabarau a Zagreb. Mutumin tudu ne, bai ma iya shiga kwalekwale ba. Ya zame, ya faɗa ruwa da takalmansa, ya taso yana dariya, kowa ya kama dariya tare da shi. Zdenko ya so a ce mutumin mai girman kai ne, da ya huta. Amma ina! Shi ke ɗaukar jarkar ruwa, shi ke wanke kwanuka.

Rana ta uku Mladen, sarkin surutun cikinsu, ya kamo kifi manya guda shida. Ya ɗaga su sama ya ce, "Sarkin Wuta, yau ka sauka daga karaga. Ango zai gasa mana, mu ga abin da Ljerka ta gani a jikinsa."

"Kai, rufa min asiri," in ji Tihomir. "Ni ko ƙwai ƙona shi nake yi."

"Zai koya maka," in ji Ljerka, ta ɗauki kwanon man ta koma gefen mijinta.

Kwanon nan Zdenko ya bi da ido. Ya ce bari ya ɗauko itace a kwalekwale. Buhun rassan inabin yana nan ƙarƙashin benci, cike har rabi. Ya tura shi ciki da ƙafa, ya ja tamfol ya rufe, ya dawo hannu wofi.

"Rassan sun ƙare, mutumina. Amma ga itacen bor ko'ina. Tsinto ka hura."

Duk wanda aka haifa a bakin tekun nan ya san ƙaron bor yana sa kifi ɗaci. Sai dai Mladen da sauran sun tafi iyo, Ljerka kuma tana yanka tumatir a bayan tanti. Tihomir ya hura wuta da murnarsa, baƙin hayaƙi ya tashi, Zdenko na tsaye yana cewa, "Yauwa, haka. Ƙara kusa da wutar."

Da aka zauna cin abincin rana, Mladen ya kai loma ɗaya ya tofar.

"Ango! Kifi ka gasa ko ƙofar ɗaki?"

Zdenko ya gyara zama yana jiran mutumin ya ji kunya, ko ya nuna shi da yatsa. Tihomir ya tauna nasa, hawaye ya cika masa ido, ya ce, "Laifina ne, jama'a. Ku kawo, ni zan cinye shidan." Aka fashe da dariya, Mladen ya rungumo wuyansa, nan take aka raɗa masa suna Kafinta. Zdenko shekara talatin yana tare da su, sunansa ɗaya ne, na wuta.

Ljerka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta nufi kwalekwale neman gwangwanin wake. Can sai ga ta tana jan buhun a kan tsakuwa. Ba ta kai shi cikin mutane ba, bayan tanti ta ajiye, ta yafito Zdenko.

"Ga kayanka, Zdenko. Wutarka ce, ba mai taɓa maka ita kuma."

"Mantawa na yi."

"Kai da ba ka taɓa mance gidan da wasiƙa za ta ba?" Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Da ka faɗa mini tun muna yara, da na ba ka amsa. Amma shi me ya yi maka?"

Washegari wuta ta dawo hannunsa. Garwashin ya yi ja, ba hayaƙi, ƙamshin kifi ya cika tsibirin. A ƙasa, cikin ruwa, ana koya wa Kafinta nutso, ana ta shewa. Kwanon man zaitun yana kan dutse kusa da ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya riƙe da hannun hagu, yana juya kifi da dama.